Gwaggon da Ta Shuka Kafin Ruwa

Wanda Ya ba mu ita Ya karɓi abarSa, mun kuma gode. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ban san hannun dama da na hagu ba, ta koma ga Ubangijinta a ƙarshen bazarar bana, a ƙauyenmu da ke gefen hanyar Zakka in an baro Safana. Na zauna rubuta wannan ne saboda na san yadda ake manta mutum a wurinmu. Yau ana kuka, gobe an raba ƙorai da tukwane, jibi ka ji yaro yana tambayar wace ce. Ban yarda a yi wa Gwaggo haka ba.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nata ba. Mu Kirista 'yan gidaje ne kaɗan a tsakiyar Musulmi, amma sai da tabarmin gidan suka ƙare aka aro na makarantar allo. Matan coci sun zo daga Safana a bayan a-kori-kura da tulunansu na kiɗa, suna waƙar yabo tun daga bakin gari. Maƙwabta suka yi ta shigowa da lulluɓinsu, wannan da fura, wannan da tsabar hatsi. Wata tsohuwar Bafulatana da ta daɗe tana kawo wa Gwaggo nono ta sauke ƙwaryarta a ƙofar ɗakin, ta sha kukanta ita kaɗai. Da ta gama ta share ido ta tambaye mu, yanzu wa zai riƙa kushe mata nono yana kuma shanyewa? Muka yi dariya da hawaye a fuska.

Gaisuwar ce ta bambanta da ta kowane makoki. Mutum zai durƙusa gaban Baba ya yi masa ya haƙuri, Allah Ya ba da dangana, Baba ya amsa. Sai mai gaisuwar ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya rage murya ya ce, "To, biznen hwa?" Babu wanda bai yi wannan tambayar ba, har da Fasto. Gari duka ya san cewa kwanaki kaɗan kafin rasuwarta Gwaggo ta kwashe irin geron gidanmu kaf, irin da muka gada daga kakanni, ta binne shi a busasshiyar ƙasa, ga sama kuwa fes ko gajimare babu. In ruwan kirki ya sauka, iri ya rayu. In bai sauka ba, to mun binne Gwaggo mun binne geron ubanta a wata guda.

Ga wanda bai tashi a gona ba, bizne shi ne shuka kafin ruwa. Manomi ya ga shamuwa ta dawo, iska ta juya, sai ya sari rami ya zuba iri a ƙasa busasshiya, ya rufe, ya koma gida ya jira. In ruwa mai ƙarfi ya zo, gonarsa ta riga ta kowa, zai ci tumu lokacin da wasu ke share gindin rumbu. In kuwa yayyafi ne ya zo, zai ruɗi irin ya tsiro, rana ta biyo baya ta ƙone shi. Ban da zabi da kurciya da tururuwa da ke bin ramukan suna cin rabonsu. Mutane da yawa sukan yi shi jefi-jefi, a ɗan gefen gona. Gwaggo ce kaɗai na sani da ta mayar da shi ibada.

Ba ta yi boko ba, abin da take ji ana karantawa a coci da ka ta riƙe shi. Bangaskiyarta kuma ba ta da kwana-kwana. Allah Uba ne, uba kuwa ba ya manta cewa akwai bakuna a gidansa, ruwan sama shi ne shaidarta. Takan ce duk wata kyauta ta Allah tana biyowa ta hannun mutum, har mutum ya ɗauka wayonsa ne ya ba shi. Ruwa ne kaɗai ke saukowa kai tsaye kowa na kallo. "Wa ke da guga mai tsawon haka?" in ji ta, tana nuna sama da haɓa. Shi ya sa take kiran ruwa baƙo, take kuma cewa bizne shimfiɗa ce. Wanda ya tabbata baƙonsa na hanya ba ya jira sai ya ji sallama sannan ya fara neman tabarma.

Ranar ruwan farko kowa gudu yake yi ɗaki, ita kuwa fitowa take yi. Za ta ajiye farar ƙwarya a tsakiyar gida, nesa da indararo, ta tsaya kusa da ita ta buɗe tafukan hannu tana rera wata waƙar godiya da ita ta ƙirƙiri abarta. Allah bai ba Gwaggo murya ba, wannan gaskiya ce ko a gaban kabarinta. Matan coci a layin baya suke ajiye ta, su ba ta kacau-kacau don hannunta ya samu aiki bakinta ya huta. Amma a cikin ruwa babu mai hana ta. In an ɗauke, sai ta zagaya da ƙwaryar nan, kowa ya kurɓa, daga Baba har jaririn goye a ɗiga masa a leɓe. Ina yarinya na tsani wannan kurɓar saboda yashin da ke ƙasan ƙwaryar, kuma ban taɓa kuɓuta ba.

Da na fara koyarwa a firamare a Safana, na sayo mata lema mai kyau don na gaji da ganinta tana jiƙewa tana tari. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta sa mini albarka har na ji kaina ya yi girma. Da na koma bayan mako biyu sai na tarar da lemar a kafe a bayan ɗaki, kaza da 'yan tsakinta suna hutawa a ƙarƙashi. Na yi fushi sosai. Ta ce ita kaza ba ta san Wanda ke aiko ruwan ba, dole ta ɓuya, amma ita da ta sani, ta ɓoye wa wa? Ban ƙara saya mata komai da ya shafi damina ba.

A gidanmu ba a kushe ruwa. Yaron da ya ce ruwa ya ɓata masa wasa zai sha ranƙwashi, babban da ya ce ya ɓata masa kasuwa zai sha abin da ya fi ranƙwashi. Wata shekara da marka ta yi yawa, bangon ɗakinta ya zube da rana tsaka, Allah Ya sa tana madafa. Muka fito a guje, muna jira mu ji yau kuma me za ta ce. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana duban tulin ƙasar da ya danne gadonta, can ta ce, "Babban baƙo ne ya jingina." Ta kwashe tsummokaranta ta koma ɗakin Inna, mahaifiyata, ta hana ta barci da minshari har kaka.

Ta taɓa yin sa-in-sa da wani fasto matashi da aka turo mana. Shekarar an yi fari bayan shuka, sai ya yi wa'azi mai zafi cewa zunubanmu ne suka rufe sama. Bai yi ƙarya duka ba, don zunubi kam muna da shi buhu-buhu. Gwaggo ta bari aka tashi daga sujada, ta tare shi a bakin ƙofa, ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Ɗana, in da don halinmu ake ba mu ruwa, ai da ko raɓa ba mu gani. Shi da Ya ba da Ɗansa tun ba mu roƙa ba, ruwa ne zai yi mana rowa?" Faston ya ce tuba ma ai wajibi ne. Ta ce ta yarda, a tuba, amma a tuba ana gyara indararo. Daga baya suka zama aminai, har in ya zo gaishe ta sai ta ajiye masa ƙwan zabi.

Babban abokin gardamarta kuwa Liman ne, maƙwabcinmu na katanga ɗaya, gonarsa ma tana iyaka da tamu. Sa'o'in juna ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara, kafin shi ya tafi neman karatu ita a yi mata aure. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, sai suka ɗora daga inda suka tsaya. Tana ce masa Allah gafarta Malam da cikakken ladabi, sannan ta faɗa masa abin da babu mai iya faɗa masa a garin. Shi kuma bai taɓa amincewa da bizne ba. Yakan ce wannan caca ce da abincin yara, Allah Ya ce a dogara gare Shi amma bai ce a jarraba Shi ba.

In fari ya yi tsanani, Musulmi su fita filin Idi roƙon ruwa, mu mu taru a coci da azumi. Gwaggo takan daka gumba ta aika a raba wa yaran da suka fita, ta ce bakin yara ba shi da shamaki. In ruwan ya sauka sai rigima ta tashi ta kan katanga. Liman ya ce su suka roƙa mu muka sha. Ita ta ce tun jiya da yamma aka amsa tamu, tasu ta tarar an riga an ɗaura wa hadari sirdi. Haka za su yi ta yi har matar Liman ta leƙo ta ce tuwo na hucewa.

Akwai shekarar da ruwa ya yi abin da ya saba yi a ƙasarmu, ya sauka a gonar Liman sharkaf, ya zo daidai iyaka ya tsaya. Tamu ko ɗigo. Liman bai ko tsaya canza riga ba, ya zo ƙofar gida ya yi sallama, ya ce ya zo jaje ne, ya kuma ji ko akwai saƙon da za a ba shi ya isar, tunda alama ta nuna tasa hanyar ta fi sauri. Gwaggo tana tsintar wake ko kai ba ta ɗaga ba.

"Allah gafarta Malam, ai uwa mai 'ya'ya da yawa mai raki take fara ba nono. Mai haƙuri shi ka jira."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Bayan shekara biyu abin ya juya, tamu ta sha tasa ta bushe. Zan so in ce Gwaggo ta yi kawaici, amma wannan ta'aziyya ce ba tatsuniya ba. Har gida ta bi shi, ta kuma yi wata guda tana tuna masa.

Kada a ɗauka kullum ita ke da gaskiya. Bizne ya sha cinye mata iri. Sau da yawa yayyafi ya yaudare ta, wata shekara kuma zabin gari suka bi layi-layi suka tone ramukan tas. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, iyaka ta ce zabi ma bayin Allah ne. Abin da ke ceton mu shi ne ƙa'idar da ubansu ya bar musu, ita da Baba: rabi a ƙasa, rabi a tulu. In na ƙasa ya mutu, a fasa bakin tulu a sake shuka. Duk taurin kanta ba ta taɓa taka wannan ƙa'idar ba sai bana.

Geron da nake magana muna ce masa gargasa, saboda gashin da ke jikin zangarniyarsa. Gashin nan yana tsone wa tsuntsu ido, don haka ko shekarar da jan-baki ya yi wa mutane ɓarna namu yakan tsira. Furarsa tana da wani gardi da ban taɓa ji a ta wani gero ba. Amma sussukarsa azaba ce, ƙaiƙayinsa sai ya kwana yana cin mutum, shi ya sa matan gari suka yi masa tawaye tun da daɗewa, kowa ya koma irin kasuwa. Gidanmu kaɗai ya rage. Sai kuma ga shekarun nan na rashin kwanciyar hankali, da gonar daji ta gagari kowa zuwa, har wata damina muka yi ta a Safana a ɗakin aro. Da muka dawo rumbu wayam. Abin da ya tsira shi ne ɗan tulun da Gwaggo ta ɗauko a ka ranar da muka fita, ta bar zannuwanta. Bara aka shuka rabi, bai yi kirki ba. Saura ɗan abin da ke gindin tulun, an cuɗe shi da toka an liƙe bakin.

Baba mutum ne mai sanyi, har ya yi furfura yana tsoron yayarsa. Amma a kan wannan ya yi magana a fili. Ya ce bana babu bizne, za a jira ruwa ya zauna, danshin sama ya haɗu da na ƙasa, sannan a shuka a gonar bayan gida inda ido ke kai. Gwaggo ta ce to. Duk wanda ya san ta ya san wannan "to" ɗin.

Ranar kasuwar Safana, Baba na hawa babur ta fasa bakin tulu. Ƙarfinta ya riga ya tafi, ba ta iya ɗaga sungumi, sai ta tasa Inna a gaba. Inna ta ce ta yi magiya har ta gaji, daga ƙarshe ta ga in ba ta bi ta ba tsohuwar za ta faɗi a gona ita kaɗai. Haka suka yi, Inna na sara, Gwaggo na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige, tana hutawa a kan sandarta bayan kowane 'yan ramuka. Da Baba ya dawo ya tarar da tulun an wanke an kife a rana.

Ran nan ne karo na farko da aka ji muryar Baba ta haura katanga. Ya ce ta taka maganar ubansu, ta yi wasa da abin da ba nata ita kaɗai ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Ƙanena, ƙafata ta ƙarshe ke nan a gonar ga. Na so in taka da kaina." Shi bai ji abin da take faɗa masa ba, taurin kai kawai ya ji. Ya ce, "In ya mutu, Yaya, ke kinka kashe shi." Ya shige ɗaki. Daga ranar ya daina zama cin tuwo a ƙofar ɗakinta kamar yadda ya saba, gaisuwar safe kawai ke haɗa su.

Ranar Lahadi bayan an taso daga sujada ta zauna a gindin bedi tana ɓarar gyaɗar iri. Inna ta ga ta jingina da itacen, ta ɗauka gyangyaɗi ne, har ta ce wa yara su rage surutu. Ashe tafiya ce. Ko ƙwaryar da ke cinyarta ba ta zube ba.

Ƙasa ta yi tauri har sai da mazan gari, Musulmi da Kirista, suka riƙa karɓa-karɓa da diga kafin kabarin ya samu. Liman bai bi mu maƙabarta ba, amma duk kwanakin makoki yana zaune a zaurenmu kusa da Baba, yana amsa gaisuwa kamar shi aka yi wa rashin. Na ga ya rasa irin addu'ar da zai yi a fili. Da na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Ɗiyata, gari ya yi shiru."

Ana cikin makokin, wata la'asar, iska ta taso hadari ya haɗo daga gabas. Mata suka fito tsakar gida, wata ta rangaɗa guɗa, ana ta cewa Gwaggo ta isa ta kai ƙara. Ni ma na yarda, na yi ta tsalle kamar yarinya. Ruwan ya sauko da ƙamshin ƙasa, amma kafin indararo ya yi zuba ta kirki ya ɗauke. Baba kuwa ya fita zuwa gonar bayan gida, ya tsuguna ya tura yatsa a ƙasa, ya ciro shi da busasshiyar ƙura a kai.

Abin da ake tsoro shi ya faru. Gargasa ya tsiro layi-layi, siriri kore shar, abin sha'awa abin tausayi. Sai sama ta koma fes. Baba ya riƙa ɗibar ruwa a jarka daga rijiyar da ita ma ta kusa ƙafewa, yana bin 'yan ramukan gefe yana ɗiga musu. Waɗannan suka ɗan jure, amma ba a riga an yi shelar ɗaure dabbobi ba, awaki suka shiga suka gama da su. Sauran rana ta ƙone su ƙurmus, har iska ta share wurin kamar ba a taɓa shuka komai ba.

Na ji haushi ƙwarai. Na ji haushin Gwaggo, na kuma ji haushin sama, don a ganina mace ta shekara tamanin ko kusa tana yabon Mai ruwa, bai kamata a kunyata ta a shukarta ta ƙarshe ba. Baba kuwa ya rame. Wata rana na kai masa fura ya ture, ya ce mini ba geron ne ke cin sa ba. Maganar da ya faɗa mata ce ta tabbata, ga shi ba ta nan balle ya janye. Na ɗauke furar na fita.

Ruwan gaske ya zo bayan makonni, wata Juma'a da yamma ina gida. Ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kwatami ya cika, kwaɗi suka ɓarke da kuka. Gari ya ɗauki murna, mu ma mun gode, amma godiyar tamu da ɗan ɗaci. Da safe muka ɗauki sungumi da irin da Baba ya sayo a kasuwa muka nufi gonar bayan gida, ni da shi da Inna.

Ba mu kai ga sara ramin farko ba muka ji ƙugin babur yana ta fama da taɓo. Ya tsaya a bakin gona. Wanda ke zaune a baya, riga duk laka har gwiwa, rawani ya karkace, rungume da ƙullin buhu a cinya, Liman ne. Mutumin da ko kasuwar Safana ya daina zuwa saboda ciwon baya. Aka taimaka masa ya sauko, ya ƙi sakin buhun sai da ya zo gaban Baba ya dire shi ya kwance bakin. Zangarniyoyin gero ne ba a sussuke ba, dogaye, kowace da gashinta.

Baba ya ɗauki ɗaya ya shafa, gashin ya soke shi a tafin hannu. Ya ɗago ya dubi Liman.

Liman ya zauna a kan kunyar gona ya ba mu labari yana haki. Da shukarmu ta ƙone, matarsa ce ta tuna wani abu. Lokacin da za a kai babbar ɗiyarsu ɗakin miji a Karare, can ƙasar Batsari, shekaru masu yawa da suka wuce, Gwaggo ba ta da abin gudummawa. Sai ta ƙulla tafin gargasa a tsumma ta cusa cikin kayan ɗakin amarya, ta ce mata ta watsa a bayan ɗaki, ruwan da ke sauka nan ya san hanyar can. Matar Liman ta ɗauka tuni yarinyar ta dake shi ta sha fura. Liman bai gaya wa kowa ba don kada ya sa mana rai a banza. Da ya ga hadarin jiya yana haɗuwa sai ya nemi mai babur, duk da halin da hanyar ke ciki, ruwa ya tare shi can ya kwana. Ashe yarinyar ta shuka. Mijinta ya ga tsuntsu ba ya taɓa shi, ya faɗaɗa, maƙwabta suka roƙa. Yanzu unguwarsu guda ke noma shi, suna ce masa geron amarya, babu wanda ya san daga inda ya fito.

"Ka ga abin da yayarka ta yi mani," in ji Liman. "Duk zuwan da nike Karare, hurar da nike sha ina yabo, ina dawowa ina ba ta labari wai ba ta iya dama irinta ba, ashe geronta ne. Kuma ta sani. Gardama guda ke nan da ta ci ba ta yi mani gori ba."

Inna ce ta fara dariya, ta yi ta yi har ta zauna a taɓo. Ni na bi ta. Baba ya rufe fuska da zangarniyar nan mai ƙaiƙayi, kafaɗunsa na rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ni dai a nan haushina ya tafi. An ba mu ruwa, an kuma ba mu iri, ta hanyar da babu wanda ya yi zato, kuma tun ina goye aka aika shi gaba ya jira mu.

Muka zauna a bakin gona muka murje zangarniyoyin da hannu a cikin ƙwarya, kowa na susa yana tsaki. Mutanen da ke wucewa zuwa gonakinsu suka tsaya jin labari, wasu suka ajiye nasu aikin suka kama mana. Da za a fara, Baba ya cire hula ya ce yana so ya yi addu'a. Liman ya ce, "Yi taka in yi tawa, amma kowa shi taƙaita, ƙasa na shanyewa." Baba ya gode wa Uba cikin sunan Yesu, Liman ya yi bisimilla ya shafa, Inna ta ɗaga sungumi. Ni na bi bayanta ina zuba iri ina rufewa da diddige, ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsuna. Kafin rana ta take mun gama.

Da aka watse na ga Baba bai nufi gida ba. Ya bi ta bayan gari wajen maƙabartarmu, da laka a ƙafa, hularsa a hannu. Na bi shi daga nesa don ina tsoron kada jiri ya ɗebe shi, tun safe bai ci komai ba. Ruwan jiya ya kwantar da ƙasar kabarin ta yi lumui. Ya tsuguna daga gefen kai kamar yadda yake tsugunawa a ƙofar ɗakinta, ya gaishe ta da kwana, ya ɗan jira kamar mai sauraren amsa.

"Yaya, bai mutu ba," ya ce. "Na janye maganata."

Ya share hanci da bakin riga. Har ya yunƙura zai tashi sai ya koma ya tsuguna.

"Amma dai kin yi ganganci."

Sannan ya miƙe, ya sa hularsa, ya hango ni ya ce in je in ce wa Inna ta dama masa fura, yunwa yake ji.

Ki huta lafiya a gidan Ubanki, Gwaggo. Allah Ya ba mu da muka rage haƙurin rashinki, Ya sada mu a ranar tashi.